Asabar da Lahadi a Washinton: ƙofa kyauta, ƙafa ke biya

Ranar Juma'a da yamma na shiga Washinton, a farkon watan Mayu, da niyyar ganin abin da kwana biyu za su iya ɗauka: gine-ginen tunawa da shugabanni da sojoji, gidan namun daji, da gidajen tarihi huɗu. Kusan duk wuraren nan ba a biyan ko sisi a ƙofa. Gidajen tarihin da gidan namun dajin na hukumar Smithsonian ne, wadda aka kafa a 1846 da dukiyar da wani Baturen Ingila, James Smithson, ya bar wa Amurka wasiyya, alhali bai taɓa taka ƙasar ba. To amma kyautar tana da sharaɗi, kuma a nan baƙo ke fara yin asarar rabin yini.

Wurare huɗu cikin waɗanda na nufa sai da tikiti ake shiga: hasumiyar Washinton, gidan tarihin jiragen sama da sararin samaniya, gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka, da gidan namun daji. Ta intanet ake karɓa. Na hasumiya ana sakinsa kwana 30 kafin ranar, ana biyan dala 1 ta hidima, kuma na ƙarshen mako ba ya jimawa yake ƙarewa. Wanda bai samu ba sai ya yi sammako ya bi layi a ɗan ofishin da ke titi na 15, inda ake raba na ranar kafin ƙarfe 9. Gidan tarihin baƙaƙen fata yana sakin wasu tikitocin na ranar da ƙarfe 8:15 na safe, na jiragen sama da 8:30. Dabarar ita ce a fara kama tikitocin, sannan a gina sauran tafiyar a kewayensu. Wanda ya tsara yininsa tukuna kafin ya nemi tikiti zai ƙare da zirga-zirga daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan. A kuma ɗauki hoton kowane tikiti a ajiye a waya, domin a bakin ƙofa, cikin cunkoso, intanet kan yi nauyi.

Daga filin jirgin Dulles layin Silver na jirgin ƙasan Metro yana kai mutum tsakiyar gari cikin kimanin awa guda. Ana ɗora kati a ƙofar shiga, a kuma ɗora a ƙofar fita, saboda haka kowa sai da nasa katin, miji da mata ba sa raba ɗaya. Asabar da Lahadi kuɗin tafiya bai kai dala 3 ba, komai nisa. Ba a ci ba a sha a cikin jirgi. A kan matakala mai tafiya da kanta a tsaya ta dama a bar hagu ga masu sauri, in ba haka ba a sha harara. Ƙarshen mako ne lokacin gyaran layin dogo, wani lokaci a rufe tasha biyu ko uku a sa bas a madadinsu, don haka a duba sanarwa tun daren Juma'a. Sai batun adireshi: an raba garin gida huɗu daga ginin majalisa, kuma titi mai suna ɗaya da lamba ɗaya na iya kasancewa a fiye da sashe ɗaya. Haruffan da ke ƙarshen adireshi, NW ko SE da sauransu, su ne ke raba gardama.

Asabar da ƙarfe bakwai na safe ina kan filin da suke kira Mall. Doguwar farfajiya ce mai ciyawa da itatuwa, daga ginin majalisa a gabas zuwa ɗakin tunawa da Shugaba Abraham Lincoln a yamma, sama da kilomita 3. Ido yana yaudara a nan. Gine-ginen manya ne, babu abin da ya tare su, sai ka ga kamar taku ɗari ne, ka yi ta tafiya minti ashirin ba ka isa ba. Ɓangaren yamma kuma babu tashar jirgi a kusa. Mafi kusa da Lincoln ita ce Foggy Bottom, tafiyar kusan minti 20. Shi ya sa na fara da nan tun rana ba ta yi ba, na bar gidajen tarihi masu sanyi zuwa tsakar rana, tunda dama ba sa buɗewa sai ƙarfe 10.

Ɗakin Lincoln, wanda aka buɗe a 1922, yana da ginshiƙai 36, adadin jihohin ƙasar lokacin da aka kashe shi a 1865. Mutum-mutuminsa na farin dutse yana zaune, tsayinsa kusan mita 6. Yawancin mutane suna hawa da sauri su yi hoto su sauko, su taka abin da ya fi muhimmanci ba su sani ba. Matakala 18 ƙasa da ɗakin, a tsakiyar dandamali, an sassaƙa rubutu a daidai inda Martin Luther King ya tsaya ya yi jawabinsa ranar 28 ga Agusta, 1963. Rubutun ya dushe da takun jama'a, sai an ɗan zuba masa ruwa yake fitowa sosai. Daga nan ne ake ganin dogon tafkin nan mai sama da mita 600, da inuwar hasumiya kwance a cikinsa. Da sassafe iska ba ta motsa ruwan ba, inuwar a miƙe take.

Ta hannun arewa akwai bangon yaƙin Biyetnam. Baƙin dutse ne mai sheƙi wanda ya nutse cikin ƙasa, ɗauke da sunayen sojoji sama da 58,000. Wata ɗalibar jami'a mai shekara 21, Maya Lin, ce ta zana shi, aka buɗe a 1982. Ba a jera sunayen bisa haruffa ba, an bi ranar da kowa ya mutu ko ya ɓata, saboda haka mai neman suna sai ya duba kundin da aka ajiye a bakin hanya ya samo lambar allo da layi. Kana tafiya bangon yana ƙara tsayi har ya wuce kanka, kana ganin fuskarka a tsakanin sunayen. A ganina duk filin babu ginin da ya kai shi, ga shi kuwa ba shi da ginshiƙi ko rufi. Ta kudu akwai sojojin ƙarfe 19 na yaƙin Koriya. Gaba kaɗan kuma sai dandalin yaƙin duniya na biyu, mai taurarin zinare 4,048, kowane tauraro a madadin mamata ɗari.

Mutum-mutumin King yana bakin tafkin Tidal Basin, mita 9, an buɗe shi a 2011. Mai ƙarfin ƙafa zai iya zagaye tafkin har ɗakin tunawa da Shugaba Thomas Jefferson, amma ya sani a 2024 aka fara aikin gyaran bangon bakin ruwan, wanda ya nutse da tsufa har ruwa na malalowa kan hanya in ya cika, aikin ya sa aka rufe wani sashe. Itatuwan ceri da birnin Tokiyo ya bayar kyauta a 1912 suna nan. Furensu na ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu ne, lokacin da ba a samun wurin sa ƙafa. A Mayu ganye ne kawai. Na hango Jefferson daga nesa na juya, domin tikitin hasumiyata na ƙarfe 10 ne.

Hasumiyar Washinton mita 169 ce, duk dutse. In ka tsaya daga nesa za ka ga launin dutsen ya canza a wajen mita 46. An fara ginin a 1848, kuɗi ya ƙare a 1854, yaƙin basasa ya biyo baya, sai bayan shekara ashirin da wani abu aka ci gaba da dutsen wata mahaƙa dabam, aka gama a 1884. Ita ce gini mafi tsayi a duniya har hasumiyar Eiffel ta Faransa ta ƙwace a 1889. Ana bincike a ƙofa kamar na filin jirgi; babbar jaka, abinci da wuƙa komai ƙanƙantarta ba sa shiga, kuma babu wurin ajiya. Lif yana kai mutum sama cikin daƙiƙa 70. Tagogi takwas ne ƙanana, biyu a kowace fuska: arewa Fadar White House, gabas majalisa, yamma Lincoln, kudu Jefferson da kogin Potomac. Daga nan ake gane dalilin da garin yake a shimfiɗe, domin wata doka ta 1910 ta ƙayyade tsayin gine-gine. Wajen saukowa lif yana rage gudu a nuna wasu daga duwatsun da jihohi da ƙasashe suka aiko aka liƙa a bangon ciki. Cikinsu har da na Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid, mai rubutu da haruffan Larabci. Iska mai ƙarfi ko tsawa na sa a rufe hasumiyar nan take, tikiti ko babu tikiti.

Abincin rana shi ne inda kuɗi ke zuba. Motocin sayar da abinci suna jere a titunan da suka ratsa filin, da yawa sun rubuta halal, amma ba duka ke rubuta farashi ba. A tambayi kuɗi kafin a miƙa kati. A gidajen abinci na zama kuma, farashin da ke rubuce ba shi ne ƙarshe ba: ana ƙara haraji, sannan ana sa ran tukuicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Naman alade yana shiga inda ba a zata ba, cikin wake, cikin ganye, cikin miya, sai an tambaya. Ruwa kuwa kada a saya. A riƙe gora, akwai famfon cikawa a gidajen tarihi. Wannan gorar ce kuma butar, domin bayinsu babu buta. A watan Mayu azahar na shiga bayan ƙarfe ɗaya kaɗan, magariba sai bayan takwas. Babu masallaci a filin, amma ƙarƙashin itatuwa akwai wurin shimfiɗa ƙaramar sallaya. Alƙibla a nan arewa maso gabas take, ba kudu maso gabas ba kamar yadda taswirar bango za ta nuna, saboda duniya a dunƙule take.

Gidan tarihin baƙaƙen fata na ba wa duk yammacin Asabar, kuma bai isa ba. An buɗe shi a Satumban 2016. David Adjaye, ɗan asalin Gana, shi ya jagoranci zanensa, kuma siffar hawa uku mai buɗewa sama an ɗauko ta ne daga kambin wani ginshiƙi da masassaƙin Yarbawa Olowe na Ise ya sassaƙa. Fiye da rabin ginin yana ƙarƙashin ƙasa. Babban lif mai gilashi yana saukar da jama'a, shekaru na komawa baya a jikin bango har ƙarni na 15, daga nan a fara hawowa da ƙafa. Hawan farko matsattse ne, rufinsa ƙasa-ƙasa, haske kaɗan, da gangan. A nan aka ajiye sandunan ƙarfe na jirgin ruwan bayi mai suna São José, wanda ya taso daga Mozambik ya nutse a gaɓar Afirka ta Kudu a 1794. Da irin ƙarafan nan ake daidaita nauyin jirgi idan kayan da ya ɗauko mutane ne. Akwai mari na ƙarfe ƙanana, daidai ƙafar yaro. Gaba akwai bukkar bayi ta katako da aka kwance daga wata gona a Karolina ta Kudu aka sake haɗawa, da taragon jirgin ƙasa da aka raba gida biyu, farare da baƙaƙe, a ga bambancin kujeru da bayi da ido. A wani ɗaki na dabam akwai akwatin gawar Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da aka kashe a Misisipi a 1955. Ana bin layi, ba a ɗaukar hoto.

Kuskuren da ake yi shi ne tsayawa karanta kowane allo a hawan farko, inda cunkoso ya fi yawa, sai ƙarfi ya ƙare kafin a kai zamanin gwagwarmayar 'yanci. Hanya ɗaya ce, gaba ake yi, don haka a shiga bayi tun kafin a sauka. A ware awa biyu a ƙasa, awa guda a hawa na sama inda aka ajiye kayan kiɗa da wasanni, har da na Muhammad Ali. Tsakanin biyun akwai ɗaki mai ruwa na zubowa daga rufi, inda ake zama a huce. Mai tikitin ƙarfe uku ya riga ya makara, tunda ƙarfe 5:30 ake rufewa. In da ƙananan yara, a yi tunani kafin a kai su hawan farko.

Bayan magariba na koma Lincoln. Waɗannan gine-gine a buɗe suke dare da rana, kuma sojojin Koriya cikin hasken dare wani abu ne dabam.

Lahadi ƙarfe takwas ake buɗe gidan namun daji, kuma a lokacin ya kamata a shiga. Layin Red ake hawa. Tashar da aka sa wa sunan gidan, Woodley Park, ita ce tarkon: daga can hawa ne har ƙofa. A wuce ta a sauka a Cleveland Park, nisan kusan ɗaya ne amma hanyar a shimfiɗe take. Wajen komawa sai a bi ta Woodley Park, gangara ce. Cikin gidan ma haka yake. An kafa shi a 1889 a kan eka 163 a gefen kwarin Rock Creek, babbar hanyarsa tana gangarawa sama da kilomita ɗaya daga ƙofa zuwa ƙasa, kuma duk abin da ka gangara da safe za ka hau shi da rana tsaka. Mai keken jariri ko tsoho a tare da shi ya lissafa wannan. Shiga kyauta ne amma ajiye mota da kuɗi. Ana shiga da abinci daga waje.

Panda na fara nufa, suna kusa da ƙofa. Tun 1972, bayan ziyarar da Shugaba Nixon ya kai ƙasar Sin, Sin ke aiko wa wannan gida da su. Na baya an mayar da su a Nuwamban 2023, sababbin biyu, Bao Li da Qing Bao, suka iso a Oktoban 2024, aka fara nuna su ranar 24 ga Janairu, 2025. Aro ne na shekara goma, ana biyan dala miliyan ɗaya a shekara don aikin kare su a Sin. Dabbar tana da hanjin mai cin nama amma itacen gora take ci, kilo 30 zuwa 45 a rana, kuma gora ba ta da wani ƙarfi, saboda haka rayuwarta ci da barci ne. Da safe za ka same su a waje suna zaune kamar mutum, suna ɓare gora da hannu. Zuwa sha ɗaya sai dai ka ga baƙi da fari a dunƙule ta bayan gilashi, ka bi dogon layi a kan haka. Zaki da damisa ma haka suke, rana na ɗagawa sun kwanta.

Giwayen gidan na Asiya ne, ba irin na Yankari ba: kunnuwa ƙanana, baya a tanƙware sama, kuma matan ba su da dogon haure. Wajen tsakar rana, in yanayi ya yi kyau, a riƙa ɗaga kai. Akwai igiyoyi a kan hasumiyoyi takwas, mita 15 daga ƙasa, inda biran orangutan ke ratsawa daga wani gida zuwa wani ta saman kan jama'a, babu raga a ƙasa. Kada a tsaya daidai ƙarƙashinsu. Mai neman raƙumin dawa kuwa babu shi a nan. Wanda ya taɓa ganinsu a sake a dajin Kure kusa da Yamai bai yi asarar komai ba. Babban aikin gidan yana wani fili a Front Royal, jihar Bajiniya, inda ba a barin 'yan kallo. Masanan can suna cikin waɗanda suka yi aikin mayar da mariri Chadi tun daga 2016, suna bin sawunsa da na'urar da aka rataya masa a wuya, bayan an ayyana cewa ya ƙare a daji a shekarar 2000. Awa uku ta ishe ni.

Daga Woodley Park, a tsallaka gadar Taft a karya dama, tafiyar kimanin minti 20 ce zuwa Cibiyar Musulunci da ke titin Massachusetts, unguwar ofisoshin jakadanci. Shugaba Eisenhower ne ya halarci buɗe ta a 1957. Daga waje za ka ga masallacin ya karkace bai bi layin titi ba, alƙiblar nan ce ta arewa maso gabas. Tayil ɗin bango daga Turkiyya, fitilar tsakiya daga Masar. A nan na yi azahar na gangara tashar Dupont Circle.

Gidan jiragen sama yana kusa da tashar L'Enfant Plaza. A 2018 aka fara gyara shi sashe-sashe, don haka a duba waɗanne ɗakuna ne a buɗe. Abu biyu na je gani. Na farko jirgin 'yan'uwan nan Wright na 1903, na ainihi: katako, waya da yadi, inji mai ƙarfin doki 12. Tashinsa na farko daƙiƙa 12 ne, mita 37, matuƙin yana kwance rub da ciki a kan fiffike na ƙasa. Na biyu kumbon Apollo 11, wanda mutum uku suka je wata suka dawo a cikinsa a 1969. Faɗinsa bai kai mita 4 ba, gindinsa a ƙone, kuma kwana takwas tafiyar ta ɗauka. Kusa da shi rigar Neil Armstrong ce, da sauran ƙurar wata a gwiwa. Shekara 66 ce tsakanin abubuwan biyu, ɗaki da ɗaki.

Ragowar lokacin na raba biyu. Gidan fasahar Afirka yana bayan jan ginin da ake kira Castle, kusan dukansa a ƙarƙashin lambu, kuma ba a cunkoso. Shi ne gidan da ya miƙa wa Najeriya mallakar tagullan Benin 29 a 2022, daga cikin waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Ta ƙarƙashin ƙasa ana ratsawa zuwa gidan fasahar Asiya, inda suke da tsofaffin rubuce-rubucen Musulunci. Gidan tarihin halittu kuwa ba ya son tikiti amma ya fi ko'ina yara. Layin ƙofar titin Constitution yakan fi na ƙofar Mall gajarta. Giwar da ke tsakiyar zaure a Angola aka harbo ta a 1955. Lu'ulu'un Hope mai shuɗi, karat 45.52, yana hawa na biyu. Ɗan kasuwar da ya bayar da shi a 1958 ta gidan waya ya aiko shi. Bai fi girman ƙaramin goro ba, kuma akwatinsa yana juyawa, saboda haka a tsaya wuri ɗaya zai zo gabanka, ba sai an yi turereniya ba. Minti ashirin kafin a rufe na leƙa ƙasusuwan dinoso, masu gadi suka fara kora.

Ginin majalisa da babban ɗakin karatunta ba sa buɗewa ranar Lahadi, kuma a ɗakin karatun ne aka ajiye fassarar Alƙur'ani da Thomas Jefferson ya mallaka, wadda ɗan majalisa Keith Ellison ya yi rantsuwar kama aiki da ita a 2007. Mai son ganin wuraren nan sai ya ba su safiyar Asabar, ya mayar da Lincoln da sauran zuwa dare. Mai tashi daga Dulles ranar Litinin da yamma kuma, reshen gidan jiragen sama na Udvar-Hazy yana gefen filin jirgin, da Concorde, jirgin fasinja mai gudun da ya fi na sauti, da jirgin da ya jefa bam a Hiroshima a ciki. Bas yana zuwa daga tashar Innovation Center a layin Silver, kuma ba a neman tikiti.